Mai Guga da Katunan Auta

Duk wanda ya san Mai Guga ya san ba ya shiri da tabo. Shagonsa ɗan ƙarami ne a ƙarƙashin matakalar wani bene: tebur ɗaya, dutsen guga biyu, sai igiyar da riguna ke rataye a kai. Ka kai masa rigar da tawada ta ɓata, ko baƙin mai, ba zai ce maka uffan ba. Ɗaga ta zai yi ga haske ya ja tsaki, sai ka ce rigar ce ta yi masa laifi. Gobe ka dawo ka nemi inda tabon yake, ka rasa. Yana da kwalabe jere a kan katako, babu mai suna a jiki, shi kaɗai ya san wadda ke cin tawada da wadda ke cin tsatsa.

Abu na biyu da aka san shi da shi shi ne tara kan sarki da katunan hoto. Kuma ba kowane iri ba, don kuwa ba ruwansa da fuskokin manya ko hoton jirgi. Shi dai a ba shi dutse mai ƙanƙara a kai, ko ruwan da ke zubowa daga tsauni, ko gandun daji da giwaye ke ratsawa. Mutumin da bai taɓa kwana a wani gari ba, amma in ya fara ba ka labarin kwazazzabai da tafkuna sai ka rantse can aka yanke masa cibiya. Matarsa kan ce, "Baban yara, mutane na tara kujeru, kai kana tara duwatsun takarda. Allah ya shirye ka." Sai ya yi dariya ya ce duwatsunsa ba sa cin wuri a ɗaki.

Mafi yawan katunan nan daga ƙanensa suke zuwa, wanda kowa ke kira Auta. Tun suna yara su biyun suke bin kwandunan shara na ofisoshi suna yago kan sarki daga tsofaffin ambulan. Da Auta ya girma suka yi wata mummunar rigima da mahaifinsu, ya ɗauki jaka ya fita, bai waiwayo ba. Mahaifin ya rasu bai dawo ba. Ba lambar waya, ba adireshi. Sai dai lokaci zuwa lokaci kati ya faɗo cikin akwatin Mai Guga a gidan waya, hoton wani daji ko wani tsauni a gaba, a baya kuma magana ɗaya tal da ba ta canzawa: "Ina lafiya. A gaida Inna."

In kati ya zo, Mai Guga kan kai wa Inna, mahaifiyarsu, ya karanta mata, ta shafa ta yi addu'a. Daga nan sai shago. A nan fa aikin yake. Ma'aikatan gidan waya, Allah ya yafe musu, ba su da tausayi: su sami kan sarki mai kyau, su dirka masa baƙin hatimi a tsakiyar dutse, rabi a kan hoton rabi a kan katin. Wannan abu na ƙona masa rai. Sai ya kanga katin a tururin dutsen guga har kan sarkin ya saki da kansa, ya shimfiɗa shi kan tawul, ya naɗa auduga a tsinken ashana, ya tsoma a kwalbar da ta dace, ya bi baƙin nan a hankali har ya fita. Ya koma kan katin ya yi masa haka. Na farko-farko sun koɗe, wasu sun yage, amma daga baya hannunsa ya faɗa. Kan sarki ya shiga albam ɗinsa tas, kati ya shiga nasa. Yana alfahari da wannan aiki ƙwarai, har maƙwabta yake kira su gani.

Ana nan sai Inna ta kwanta. Da fari an ce gajiya ce, daga baya aka ba ta gado a asibiti, aka rataya mata ƙarin ruwa. Likita ya ja Mai Guga gefe a baranda ya ce masa a hankali, in akwai wanda take son gani, a kira shi yanzu. Ai kuwa akwai. Tun da ta kwanta ba ta da magana sai ɗaya.

"Babba," haka take kiransa, "nemo min Auta. Ba na son komai. In gan shi kawai."

"To, Inna. Za a nemo shi."

Ya faɗa ne kawai, don bai san ta inda zai fara ba. Ya tafi gidan waya wurin wata mata ma'aikaciya, wadda ta daɗe tana ajiye masa sababbin kan sarki in sun fito. Ya zayyana mata komai. Ta saurara, ta gyara gilashinta, sai ga fuskarta ta washe.

"Haba malam, ai wannan mai sauƙi ne. Katunan baya-bayan nan daga ƙasa ɗaya suke zuwa?"

"Sun daɗe suna zuwa daga ƙasa ɗaya."

"To ya zauna wuri ɗaya ke nan. Kawo min su. Hatimin da ake bugawa a kan kan sarkin nan, ai sunan garin ne a jiki da ranar da aka aiko. In ƙaramin gari ne, irin na bakin gandun daji, zan nemi ofishinsu a waya. Baƙon da ke sayen kati a kai a kai ba ya ɓuya, sun san shi."

Mai Guga ya tuna da audugarsa da kwalabensa. Ya ce to, ya fito. Bai san yadda ya tsallaka titi ba, sai da wani mai mota ya danna masa oda ya haɗa da zagi.

A shago ya ture kayan mutane gefe, ya zazzage katunan a kan tebur. Ya ɗauki ɗaya ya ɗaga ga haske, kamar yadda yake ɗaga riga. Fari fat. Ya ɗauki wani. Fat. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya haska da fitilar waya, ya karkata su, ya shafa da yatsa ko hatimin ya bar ɗan rami a takardar. Ya ciro kan sarkin daga albam ya duba gaba da baya. Ina! Aikinsa ne, kuma aikinsa ba ya barin saura. A jikin wani tsohon kati ya sami ɗan guntun zagaye da ya ƙi fita, babu ko harafi ɗaya a ciki. Ya tuna yadda guntun nan ya hana shi sukuni a lokacin, yau kuma ga shi yana roƙon Allah da ma duk haka suka ƙi fita. Shekara da shekaru Auta na gaya masa inda yake, shi kuma yana bi da auduga yana gogewa. Ko sau ɗaya bai tsaya ya karanta ba. Wa ke karanta tabo?

Duk da haka ya kwashe su ya kai wa matar. Ta juya kati ɗaya, ta juya na biyu, ta ɗago ta dube shi ta saman gilashi.

"Wa ya yi maka wannan ɗanyen aikin?"

Ta dubi hannuwansa da ruwan wanki ya cinye, ta gane, ta ajiye katin. Da ma ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

"Sunan ƙasar yana jikin kan sarkin," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Hoton ma an rubuta sunan dajin."

"Ƙasa ba gida ba ce, malam. Katin dajin nan kuwa ko'ina ana sayar da shi, har a filin jirgi. Ba abin da zan iya sai wani sabo ya zo. In ya zo, don Allah kada ka taɓa shi. Kawo min yadda yake."

Ya gwada ofishin jakadancin ƙasar a waya. Suka tambaye shi wane gari, ya ce bai sani ba, suka ce su ma haka. Ya sa aka baza hoton Auta a waya, hoton saurayi mai gashi baƙi, wanda yanzu ko shi kansa ba lallai ya gane mai shi a hanya ba. Ba wanda ya ce ya gan shi. Saura jira, kuma katin Auta ba shi da lokaci: wani sa'in biyu a wata guda, wani sa'in a yi rabin shekara shiru.

Bai gaya wa kowa abin da matar ta ce ba. Kunya ta hana shi. Ta yaya zai dubi idon Inna ya ce da hannunsa ya goge hanyar ɗanta, don dutse ya yi kyau a albam? In ta tambaya sai ya ce ana kan bincike. In matarsa ta tambaya sai ya ce gidan waya na ƙoƙari. Kullum da safe ya je ya buɗe akwatin, ya zura hannu har ƙarshe, ya fito da takardar talla ko ya fito da ƙura. Wata rana a shago ya ƙone wa wani wuyan riga, abin da bai taɓa yi ba tun yana yaron shago. Ya rame, idanunsa suka faɗa.

Jikin Inna ya ƙara tsanani. Ta daina karɓar komai sai ruwa a cokali, kuma ba ta yarda kowa ya juya ta sai shi. Nas ta ce kada ya yi nisa. Dole ya rufe shago, ya miƙa wa matarsa makullai gaba ɗaya, na shago da na akwatin gidan waya a zobe ɗaya.

"Ki riƙa leƙawa. In kin ga kati, kawo min."

Sauran maganar ta zo masa har baki, ya haɗiye. In ya ce kada ta taɓa hatimin, za ta ce don me, daga nan komai ya tonu. Kuma me zai kai ta taɓawa? Matar da tun aurensu ko ƙurar albam ɗin ba ta taɓa karkaɗewa ba.

Wata rana da la'asar yana zaune kan kujerar roba kusa da gadon, Inna na barci, sai ga matarsa ta shigo da sauri, fuskarta cike da fara'ar da ya daɗe bai gani ba. Tun kafin ta zauna hancinsa ya kama warin. Warin kwalbarsa ne, mai cin tawada.

"Albishirinka, Baban yara! Auta ya aiko."

Ta buɗe wani farin hankici a kan gwiwarsa. Ga kati, hoton wani tafki shuɗi tsakanin duwatsu. Ga kan sarki a gefe, an raba shi da katin, ya bushe ya miƙe sumul. Yatsanta ɗaya a naɗe da filasta.

"Tun safe na ɗauko. Na ce bawan Allahn nan ya daɗe bai yi dariya ba, bari in yi masa abin da yake so. Ka ga baƙin da suka zuba masa kuwa? Har kan ruwan. Na buɗe shagonka, na kunna dutsen guga, tururi ya cinye min yatsa. Sai da na gwada kwalabe a kan tsohuwar ambulan kafin in gano wadda kake ɗauka. Kana tsammanin ba na kallonka duk shekarun nan? Duba ka gani ko na iya."

Ya juya katin. Ya ɗaga shi ga taga.

"Kafin ki goge," ya ce, "kin karanta abin da ke jiki?"

"Jikin me?"

"Baƙin. Hatimin."

"Zagaye ne dai, da wasu layuka kamar igiyar ruwa. Akwai 'yan haruffa a kewaye, da lambobi a tsakiya."

"Wane harafi? Ko ɗaya. Ki tuna, don girman Allah."

Ta rufe ido, ta yi ƙoƙari da gaske, leɓenta na motsi. Ta buɗe ta girgiza kai. Sai a lokacin ta dubi fuskarsa da kyau, fara'ar ta gudu.

"Me na yi? Baban yara, na ɓata ne?"

Ya dubi yatsan nan mai filasta. Ya ji kamar ya kwanta a ƙasa ya yi ta ihu, amma ba wanda zai yi wa ihun. Shi ya koya mata, ba tare da ya buɗe baki ba.

"Ba ki ɓata ba," ya ce. "Ya fita tas. Ko ni iyakar abin da zan yi ke nan."

Motsinsu ya tashi Inna. Ta buɗe ido a hankali, ta ga abin da ke hannunsa, ta miƙo yatsu. Ya sa mata katin a tafi, ya riƙe mata don kada ya faɗi.

"Auta ne?"

"Shi ne, Inna."

"Me ya ce?"

"Ya ce yana lafiya. Ya ce a gaishe ki."

Ta yi murmushi, na farko tun da aka kwantar da ita. Ta shafa hoton tafkin da babban yatsa.

"Alhamdu lillahi. Ka ga bincikenku ya yi amfani. To maza ka ba shi amsa, Babba. Ka ce masa kada ya tsaya sayen tsaraba, ya taho haka nan. Ka ce ya yi sauri."

Matarsa na tsaye tana dubansa, tana jira ta ga ya tashi. Bai tashi ba. Ya gyara wa Inna matashin kai, ya ja mata bargo zuwa kafaɗa.

"To, Inna," ya ce.