Ranar da Aka Ɗaure Bakin Maikano

Duk garin Yako babu wanda ya taɓa kai ƙarshen magana a gaban Maikano mai sayar da taki. Kana buɗe baki zai ce, "Na gane, na gane," ya ba ka amsar abin da ba ka tambaya ba. Mutumin kirki ne, wallahi, amma kunnen nan nasa ado ne kawai.

Ana tsakiyar damina babur ya kayar da shi a hanyar Ƙiru, muƙamuƙi ya karye. A asibiti aka ɗaure masa haƙoran sama da na ƙasa da waya, aka ce sai ƙashi ya haɗe. Koko ma ta gefen baki yake zuƙa. 'Yan majalisa suka huta, shi kuwa ya shiga uku. Yini yake kwance a rumfar tsakar gida, magana ta cika masa ciki ba ƙofar fita.

Da ya rasa abin yi, sai kunnen ya fara aiki. Ya ji matarsa Tani tana shafa bango in za ta shiga madafa. Ya ji ta yi tuntuɓe da butar da ita ce ta ajiye ta da hannunta.

Wata la'asar maƙwabciyarsu Luba ta shigo dubiya. Ganin ya rufe ido, suka ɗauka barci yake.

"Yaya Tani, ya idon?"

"Na hagu ya tafi, Luba. Na daman ma dishi-dishi. Malamar asibiti a Bebeji ta ce in hanzarta zuwa Kano tun kafin shi ma ya bi ɗan'uwansa."

"Innalillahi! Kin gaya wa Malam?"

"Na ce masa ɗakin nan ya yi mini duhu, kafin in ƙarasa ya fita ya sayo fitila. Na ce kaina yana sarawa ta wajen ido, ya ce rana ce, ya miƙo mini ƙwaya. Na gaji, na bar wa Allah."

Maikano ya tuna fitilar. Har a majalisa sai da ya yi alfahari da ita, wai shi ba ya bari iyali su nemi abu sau biyu. Kunya da tsoro suka rufe shi. Ya yunƙura zai kira sunanta, wayar ta riƙe, zafi ya harba masa har ƙeya.

Da Luba ta fita, ya ɗaga hannu yana yafito matarsa. Fuskarta na wajensa sosai, amma ko gezau. Ya ƙara ɗagawa, ya kaɗa. Ba ta gani ba.

Sai ya ɗauki cokali ya buga kwano.

Ta taso tana laluben hanya. "Malam, ruwa za ka sha?"

Ya kama hannunta ya zaunar da ita a tabarma, ya kai yatsa ya taɓa gefen idonta na hagu. Tani ta yi shiru tana jiran amsarsa, kamar yadda ta saba tun tana amarya. Amsar ba ta zo ba. Ta ƙara jira.

"Tun bara ne, lokacin girbin dawa," ta ce a hankali, sannan ta dakata a daidai inda ya saba katse ta.

Ya matse hannunta, hawaye na bin kuncinsa. Ta ci gaba.