Maɓallin Direba

Tsohon direban ya tsaya a ƙofar ɗakin mata na asibitin, hula a hannu, sai ka ce mai neman iso gidan surukai. Gadon da ke kusa da taga an canza masa shimfiɗa, wata ce daban kwance a kai. A nan matarsa ta cika shekaranjiya da hantsi, shi kuwa yana can yana bin layin karɓar magani.

Abin da ke cinsa ke nan. Da safiyar ranar sun yi cacar baki. Ta ce ya zauna, magani ba gudu zai yi ba. Ya ce ita dai ba ta rasa abin faɗa, ko a gadon asibiti. Ya fice ko waiwaye babu. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kai mutane tasha a kan kari, shi ne ya makara ranar da bai kamata ba. Ɗansu tilo da ke aiki a wata ƙasa ya tambaye shi a waya, "Baba, me ta ce a ƙarshe?" Ya ce ba ya ji sosai, ya kashe wayar. Tsoro yake ji kada ya zama da fushinsa ta tafi.

"Baba, ni ko da na zo ta riga ta yi shiru," in ji nas ɗin da ke aiki ranar, da ya tambaya ko matarsa ta bar wata magana. "Tambayi tsohuwar can, su ne maƙwabta."

Tsohuwar, wadda karayar ƙugu ta kwantar, ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Kai ne Direba?"

Da sunan nan matarsa ke kiransa tun aurensu, ana daɗi ko ana faɗa.

"Ni ne, baiwar Allah. Ta ce wani abu? Ko zagi ne faɗa min, zan ɗauka."

"Ta yi shahada, wannan ka kwantar da hankalinka. Can sai ta buɗe ido tana kallon ƙofa, na zaci ruwa take so. Ta ce, 'In Direba ya dawo, ki ce ya gyara maɓallin rigarsa. Ya fita da ita a karkace, mutane za su ce ba shi da mata.'"

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan fa. Ni ma na kasa kunne ko za a faɗi inda aka ɓoye zinariya, shiru."

Ya sunkuya ya dubi ƙirjinsa. Maɓallin sama yana ramin da ba nasa ba, gefen rigar ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ba ma rigar ranar ba ce. Masu ta'aziyya sun zo sun cika gida sun watse, ba wanda ya lura.

Ya kai hannu, yatsunsa suka kama maɓallin, sai ya dakata. In ya gyara, saƙon ya ƙare ke nan, kuma wani ba zai zo ba.

Ya yi wa tsohuwar fatan sauƙi, ya sa hularsa ya fita. Ya shiga bas, ya zauna cikin mutane da rigarsa a karkace. Har ya isa gida ba wanda ya ce masa komai.