Hannun Suwaibatu

Shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga boko kyauta, ɗana Sa'idu yana aiki a Bauchi. Ya bar mini 'yarsa Suwaibatu, ya ce in zaɓa mata makaranta. Ban yi boko ba, amma dillalin shanu ne ni, na san yadda ake duba abu.

Na zaga guda biyu. Ta unguwar Madaki sabuwa ce fil, rufin kwano, daɓen siminti, benci a jere. Ta Pantami, bayan gidanmu, ginin ƙasa ce, tana da abin da suke kira rabin aji. Ƙananan da ba su isa aji ɗaya ba ake tarawa a gindin dalbejiya, Malama Edna tana sa su waƙa da tafi. Na tsaya na duba. Waƙa dai. Na ce Madaki za ta.

Suwaibatu ta ce ita Pantami, domin ƙawarta Dokas, 'yar maƙwabcinmu Isaiah kafinta, tana rabin ajin. Na ce ban tambaye ta ba.

A lokacin ba a neman shekarun yaro. Zai ɗora hannu ta bisa kansa, in ya kamo kunnen ɗaya gefen, ya isa aji ɗaya. Na gwada ta a gida. Ta kamo kunne har da saura.

Da muka je Madaki, hedimasta ya ce, "Yarinya, kamo kunne."

Ta ɗaga hannu, ta yi nishi, yatsun suka tsaya a tsakiyar ka.

Na ce, "Miƙa!"

"Kaka, ya ƙare."

"Jiya fa?"

"Na jiya daban."

Hedimasta ya danne dariya. "Baba, a dawo da ita baɗi. Mu nan ba mu da rabin aji."

Na ja hannunta muka koma gida. Matata Dada ta ji labari, ta yi dariya har ta saki muciya.

"Malam, kai da kake juya bijimai a kasuwa, yau 'yar maraƙa ta juya ka."

Na ce ta kula da tuwonta.

Abu biyu ya rage: ko yarinya ta zauna gida sai baɗi, ko Pantami. Washegari na kai ta Pantami.

Can ma sai an gwada. In ta kamo kunne, aji ɗaya za a sa ta, cikin ɗaki, Dokas na waje. Ta ɗaga hannu, ta sake nishin nan nata. Amma hedimastan nan, Malam Cornelius, tsoho ne, ya ga yara.

"Baba, gwiwar hannun nan a lanƙwashe take. Tsakani da Allah, a gida ba ta kamowa?"

Suwaibatu ta zuba mini ido, hannu na nan a ka. Daga gindin bishiya Dokas ta daina tafi, tana leƙenmu. Ni kuwa duk Pantami an san ba na ƙarya.

Na ce, "Malam, ni na san tsawon nawa hannun. Wannan nata ne, ita za ka tambaya."

Ya dube ni, ya dube ta. Ya ce, "Malama Edna, ga ƙarin ɗaya."

Ta ruga gindin dalbejiya ko sallama babu. Ni ma na juya kafin ya ƙara wata tambaya.