Fuskar Malam da Askar Gwanjo

Babana ya yi shekara arba'in yana aski da aska, kuma bai taɓa yarda cewa injin aski yana aski ba. A wajensa yankan ciyawa ne kawai. Da hannunsa ya fara rawa sai ya rabar da kayan aikinsa kaf, ya rufe shago ya dawo gida. Kafin wata biyu gemu ya cika masa fuska har wuya, sai ya daina fita. Ko ƙofar gida ba ya leƙawa. Ya ce mutumin da ya gyara fuskar rabin unguwa ba zai fita a gan shi kamar tsohuwar tsintsiya ba. Na ce a kira masa mai aski, ya ce duk masu askin da suka rage ko yaransa ne ko abokan hamayyarsa, kuma babu wanda zai miƙa wa wuyansa a cikinsu.

Da farko dariya muka yi. Daga baya na ga kwanon abincinsa yana dawowa yadda aka kai shi, mutumin da bakinsa ba ya hutawa ya koma kallon bango. Nan tsoro ya kama ni, tsoro na gaske.

Ni tela ce. Na ce wadda take riƙe da almakashi tun safe har yamma ba za ta kasa riƙe aska ba. Na je na tambayi farashin sabuwar aska da kayanta, da na ji, sai na yi wa mai shagon fatan alheri na fito. A wajen 'yan gwanjo na samu wata tsohuwa mai tsagaggiyar ƙota, na ɗaure ta da zaren ɗinki. Maimakon buroshin kumfa na sayi ƙaramin buroshin fenti. Sabulun wanka muna da shi, kofin shayi mai karyayyen hannu ma akwai. Fatar washi ce ta rage, sai na buɗe durowar maigidana na tarar da bel har uku. Mutum ɗaya, ƙugu ɗaya, me zai yi da bel uku?

Saura fuskar da zan koya a kanta. Maigidan nawa malamin lissafi ne, Malam muke ce masa, Allah ya hore masa haƙuri da gemu mai saurin tsirowa.

Na ce, "Malam, kana so Baba ya warke?"

Ya ce, "Wace irin tambaya ce wannan?"

"To zauna."

Makon farko da filasta uku a fuska ya tafi makaranta. Ya gaya wa ɗalibansa kyanwa ce ta yakushe shi, alhali ko kaza ba mu da ita a gidan. Mako na biyu na gama da bel biyu, sun koma tsumma. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk lokacin da na wasa askar, fatar ke yankewa, ita kuma ƙara dakushewa take yi. Ba aske gashi take yi ba, fizgarsa take yi. Malam yana hawaye yana ce mini sabulu ne ya shiga masa ido.

Ran Asabar da safe mukan je gidan Baba in yi masa wanki. Da na shanya kaya na ce kada ranar ta wuce a banza. Na zaunar da Malam a kujera a baranda, na shafe masa fuska da kumfa, na miƙa hannu. Bel na uku a ƙugunsa yake. Ya dube ni, na dube shi, ya zare ya ba ni, ya kama wando da hannu biyu. Na ɗaura bel ɗin a mariƙin ƙofa na fara wasawa. Na manta tagar ɗakin Baba a buɗe take.

"Wa ke kashe aska a gidan nan?"

Rabon da in ji muryarsa da ƙarfi haka har na manta.

Na ce, "Ni ce, Baba."

Ya ce daga ciki, "Kaifin kike turawa gaba, daga nan ina ji. Nama kike yankawa? Bayan askar ke wucewa gaba, kaifi ya biyo shi. In kin kai ƙarshe ki juya ta ta bayanta."

Na gwada. Sai ƙarar ta canza, ta koma laushi, fatar kuma ba ta yanke ba. Mako biyu da bel biyu, ashe a baibai nake aikin.

Na ɗora askar a kumatun Malam, na ja sau ɗaya, na ja sau biyu. Ban kai na uku ba na ji jan takalmi. Sai ga Baba a bakin ƙofa, yana dafe da bango, yana ƙifta ido saboda rana, gemu buzu-buzu. Ya manta ba ya so a gan shi.

Malam ya yunƙura zai tashi ya gaida surukinsa, ga kumfa har kunne, ga wando a hannu.

"Baba, ina kwa..."

Baba ya ce, "Rufe baki, maƙogwaronka na motsi." Ya ɗauki buroshin ya jujjuya shi. "Wannan fa?"

"Na fenti ne, Baba."

"Surukin nawa bango ne?"

Ya matso ya tsaya a kanmu. Ya ce in ja fatar da yatsa biyu sai ta miƙe. Ya ce in kwantar da askar, ba tsaye ake riƙe ta kamar mai sara ba. Ya ce in bi kwanciyar gashi, in daina dannawa, nauyinta kaɗai ya isa. Ya sa yatsansa mai rawa ya dinga nuna mini wurare a fuskar Malam, shi kuwa bawan Allah ya ƙura wa rufi ido, ko numfashin kirki ba ya yi. Muka gama ba digon jini ko ɗaya. Malam ya shafa haɓarsa, ya sake shafawa, don bai yarda ba.

Baba ma ya shafa. Ya ce, "An bar kaɗan a ƙarƙashin kunne." Ya kalli askar da ke hannuna, da zaren da na naɗe ƙotarta da shi. Sannan ya taɓa kafaɗar Malam.

"Tashi."

Malam ya tashi da wandonsa a hannu. Baba ya zauna a kujerar a hankali. Na sa almakashi na rage masa gemun, na haɗa sabuwar kumfa, na shafa masa. Tun ina yarinya ban taɓa ganin mutumin nan a zaune wani yana tsaye a kansa da aska ba, sai kuka ya taso mini.

Ya ce, "Share idonki, ba a aski da hawaye." Ya ɗaga haɓa, ya miƙo mini wuyansa, ya rufe ido. "Fara ta nan. In kin yanke ni kada ki tsaya ba ni haƙuri, ki ci gaba. Ina da wurin zuwa yau."