Rubutu a Kan Murfi

Dokar farko a ɗakin gwajin ita ce a yi rubutu a gindin faranti, ba a kan murfi ba. Auta ta san wannan kamar yunwar cikinta. Amma ranar da aka kawo mata ɗan kitsen da aka yanko daga bayan idon yayarta, a kan murfi ta rubuta.

Ciwon maƙoƙo ne ya taɓa wa Yaya ido. Idanun suka turo waje har fatar ta kasa rufe su, kofi ɗaya sai ta ga biyu. Ita da kanta take tsokana, wai yanzu ba mai satar mata nama a tukunya. Likita kuwa bai yi dariya ba, ya ce jijiyar gani ta fara matsewa, ba za ta jira wata biyu ba.

A faranti goma sha biyu Auta ta raini ƙwayoyin halittar kitsen. Shida ta ɗiga musu maganin wata cuta daban ta yi musu jan rubutu, shida ta bar su haka. Bayan mako uku, a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, masu jan rubutun sun lafa, sauran sun kumbura da kitse. Farfesa, shugaban ɗakin, har da tafi. Likita ya amince a yi wa Yaya allurar maganin ran Laraba.

Da safiyar Larabar, Auta na wankin hannu, abin ya faɗo mata. Kwana biyu bayan ɗiga maganin ta buɗe farantan duka don sauya musu ruwa, ta jera murafen kashi biyu, sai waya ta yi ƙara. Da ta gama wayar, wane kashin murafen ta mayar wa farantan dama? Ta juya abin ta juya, ba ta tuna ba. In murafen sun sauya, to maganin ne ya kumbura ƙwayoyin. Kitsen da za a sake gwaji da shi kuma ya ƙare.

A guje ta isa ɗakin jinya. Yaya ta riga ta naɗe hannun riga.

“Matso in gan ki, Auta. Tunda ke kika gwada, ba ni da fargaba.”

Nas ta ɗaga allurar, ta dubi Auta. “In sa?”