Idon Dorcas a Bayan Tabarau

Shekara arba'in da ɗaya ina ɗaukar hoto a Gwallaga, ban taɓa riƙe kyamarar da ba ta cin fim ba, kuma ba da furfura zan fara ba.

Ran Talata tsohon abokina Andrawus ya zo shagona da kansa. Jibi za a yi wa matarsa Dorcas aikin ido, likita ya ce ko dai ganin ya dawo, ko ɗan abin da ya rage ya tafi. Ita kuwa ta kafe sai ta ga fuskarta a takarda tukuna, da tabaraunta, da idonta a fili. Duk hoton da aka yi mata da waya, farin haske ke zama kan gilashin ya rufe idon.

Fim ɗina saura bugu ɗaya cikin talatin da shida. Haka na hau keke zuwa gidansu a Yelwa.

Ɗakin ba haske sosai, silin kuma shuɗi, in wutar filashin kyamara ta buge shi sai ya ɓata fuska. Ɗansu Godfrey, malamin jami'a, ya tare ni.

"Baba, a fita da ita waje mana, ga rana."

"Rana sa ta runtse ido za ta yi. Idon na zo ɗauka."

"To haska ta kai tsaye."

"Sau nawa wayarka ta yi hakan?"

Na tuɓe farar babbar rigata na shanya a ƙyauren da ke hagun Dorcas. Na juya bakin filashi ya kalli rigar, na ƙara buɗe idon kyamara, domin hasken da ya bugi tufa kafin ya dawo ƙarfinsa ya ragu.

Godfrey ya tuntsire da dariya. "Jama'a, rigarsa zai ɗauka!"

Andrawus ya ce, "Hammajoda, kar ka kunyata ni gaban yaro."

"Kai ma rufe baki. Maman Godfrey, sauke haɓa kaɗan. Kalle ni."

Na danna.

"Mu gani," in ji Godfrey.

"Ba a gani. Sai na wanke."

Laraba da hantsi na kai mata hoton, babba. Ta kai takardar dab da hancinta.

"Ashe idon babana ne da ni," ta ce.

Godfrey ya ɗaga waya, filashinta a kunne, zai kwafi hoton. Na sa tafina na kare.

"Kashe wutar nan tukuna, malam."

Ya kashe.