Talit Mai Tuntu Uku

Babana Zalman ya rasu ranar Alhamis da hantsi, kuma dole a binne shi kafin faɗuwar ranar Juma'a, don a wurinmu Yahudawa daga nan Asabar ta shigo, ba mai zuwa maƙabarta. Makonni na yi ina kwana a kujerar asibiti, bayana kamar an daka shi a turmi. Ko kukan ban samu na yi ba, sai ga masu wankan gawa a waya suna tambayar talit ɗinsa, mayafin addu'ar da ake naɗe namiji da shi bayan an yanke tuntu ɗaya cikin huɗun da ke kusurwoyinsa.

Yana da na kullum a gida. Amma ni hankalina yana kan tsohon talit ɗin, wanda ya taho da shi daga Poland ya ba ƙaramin gidan tarihin al'ummarmu a nan Melbourne. A kwanakinsa na ƙarshe bakinsa ba ya rabuwa da zancensa. "Yana can shi kaɗai," haka yake ta faɗi. Na ɗauka wasiyya ce.

Gwaggo Feiga, ƙanwarsa, ta ce ƙafata ƙafarta. Ta kusa casa'in, amma bakin nan yana nan daram.

"Shifra, wannan tuƙin naki fa? Ko so kike gobe a haɗa mu uku a binne?"

"Gwaggo, ba wanda ya ce ki biyo ni."

"Ki bar mayafin nan inda yake."

"Saboda me?"

Ta juya fuska waje. Haka take. In aka taɓo zancen Poland sai ta ce miyarta tana ƙonewa, ko da a cikin mota ne.

Ban taɓa son gidan tarihin nan ba. Kayan da ke kicin ɗin kowace tsohuwa a unguwarmu ne, mazaunin kyandir da kofin azurfa, an kulle su a gilashi an haska musu fitila. Ga tsofaffin akwatunan tafiya, ga hotunan mutanen da ba wanda ya rage da zai faɗi sunansu. Ranar kuwa ko kallon bai ishe ni ba, ƙafafuna kawai nake ja.

Mista Rosner, mai kula da wurin, ya yi mana ta'aziyya, ya saurare ni har na gama. Ya ce ba a saba mayar da abin da aka bayar ba, amma wa zai hana mamaci likkafani? Ya sa safar hannu, ya buɗe gilashin, ya shimfiɗa mayafin a tebur. Ulun ya koma ruwan ƙasa. Na bi kusurwoyin da ido, sai na ga tuntu uku.

Na ɗaga murya. "Haba Mista Rosner! Amana aka ba ku. Ina ɗayan?"

"Haka ya zo mana, ranki ya daɗe."

"Ki daina yi wa bawan Allah ihu," in ji Gwaggo daga kan benci. "Da almakashin ɗinkina aka yanke shi."

Na ɗauka miyar za ta sake ƙonewa. Can ta ci gaba, idonta a ƙasa.

"Ba na ubanki ba ne. Na babanmu ne, Mendel. Shi ya ɗaura wa Zalman a ciki ƙarƙashin riga ranar da ya tura mu muka gudu. Shi kuma sojoji suka kwashe shi tare da sauran Yahudawa lokacin yaƙi. Ba gawa, ba kabari, ko ranar ba mu sani ba. Da muka sauka daga jirgi a garin nan, ubanki ya ce a ba shi almakashi. Ya yanke tuntun, ya yi addu'ar mamaci, daga shi sai ni. Shekara da shekaru yana ƙarƙashin gadonsa, kafin ya ce gara nan, aƙalla mutane suna zuwa su tsaya a kansa." Ta ɗago ta dube ni. "To 'yar nan, kakanki za ki tone don ki binne ubanki?"

Na nemi wuri na zauna. Kunya ta kama ni, ga baƙin cikin da tun safe ya ƙi fitowa.

Mista Rosner ya cire tabarau. Ya jawo wani aljihun tebur, ya fito da gwangwanin biskit cike da ƙananan duwatsu, irin waɗanda muke ajiyewa a kan kabari in mun kai ziyara.

"Duk shekara sai na tsinci ɗaya a kan gilashin nan," ya ce. "Na rasa mai ajiyewa, kuma na kasa zubarwa."

Na kira masu wankan gawa na ce su yi amfani da na gida. Aka mayar da mayafin wurinsa, aka rufe gilashin. Gwaggo ta lalubi aljihun kwat ɗinta ba ta samu komai ba.

"Me kike jira?" ta ce. "Ni ƙafata ba za ta kai ni ba. Fita waje ki samo dutse. Ubanki ya tafi, yanzu aikinki ne."